Yadda Ake Kallon Dinya da Tsuntsayen Taɓo a Hunturu, Daga Tafkunan Jos Har Bakin Teku

Kowa a ƙasar Hausa ya san zuwan shamuwa alama ce ta faɗuwar damina, amma kaɗan ne suka lura cewa idan ruwa ya ɗauke shamuwa ta nufi kudancin Afirka, wasu baƙin ne suke sauka a bakin tafkuna da fadamunmu. Waɗannan baƙi tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu da siririn baki, waɗanda suke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Saiberiya a tsakiyar shekara, sa'annan idan sanyi ya fara rufe ƙasarsu sai su tsallako Bahar Rum da hamadar Sahara su zo ci-rani wurinmu. Daga Satumba ake fara ganinsu da yawa, kuma akasarinsu ba sa komawa sai Maris ko Afrilu. A nan zan riƙa kiransu tsuntsayen taɓo, domin a taɓo suke kiwo. Tare da su akwai dinya da danginta, waɗanda su 'yan gida ne, sai dai a hunturu suka fi taruwa wuri ɗaya saboda ruwa ya yi ƙaranci a daji.

Abin da ya kamata mai son wannan kallo ya riƙe tun da fari shi ne ruwa ne yake tsara wa waɗannan tsuntsaye inda za su sauka da sa'ar da za su ci abinci. A tafkin cikin ƙasa, janyewar ruwan rani ce take buɗe musu wurin kiwo mako bayan mako, a bakin teku kuwa cika da janyewa ne suke buɗe shi su rufe shi sau biyu a kowace rana. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: a zaɓi ruwan da ya dace

Mazaunin Jos ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya fara. Haƙar kuzar da aka yi a Filato tun farkon ƙarni na 20 ta bar ɗaruruwan ramuka da suka cika da ruwa a wajejen Rayfield da Bukur da Barikin Ladi, ga madatsar ruwa ta Lamingo, ga kuma gonar kifi ta Panyam a ƙaramar hukumar Mangu. Sai dai ba kowane ruwa ne yake tara tsuntsu ba. Ramin kuza mai gaɓa a tsaye, wanda daga bakinsa sai zurfi, ba shi da abin da tsuntsun taɓo zai ci, kuma haɗari ne ga mutum, domin irin waɗannan ramuka sun sha cin rayuka. Abin da ake nema shi ne ruwa mai shimfiɗaɗɗen baki, inda ƙasa ta gangara a hankali, ruwan gefe bai wuce idon sawu ba, kuma akwai ɗanyen taɓo mai sheƙi tsakanin ruwan da busasshiyar ƙasa. A cikin wannan taɓo tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da 'ya'yan ƙwari suke zaune, su ne abincin.

Inda rafi yake shiga tafki ya fi ko'ina albarka, saboda nan laka take kwanciya. Haka ma tafkin da masu lambu suke jan ruwansa da inji, domin kullum ruwan yana ja da baya yana barin sabon taɓo. A Oktoba ruwa yakan cika har cikin ciyawa, tsuntsayen su warwatsu ba a ganinsu sosai, a ƙarshen Maris kuma taɓon ya bushe ya tsattsage. Tsakanin Disamba da Fabrairu ne abin yake yin daidai. A ganina, tafki ɗaya na kusa da gida da mutum zai riƙa komawa duk mako ya fi masa amfani a shekarar farko fiye da yawon wurare masu nisa, domin da maimaici ido yake sabawa. Wanda yake Abuja yana iya yin haka a gefen tafkin Jabi ko madatsar Usuma.

Mataki na biyu: a nemi mutanen wurin

Kusan kowane tafki a kewayen Jos yana da masu lambu a bakinsa, masu noman tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa, kuma baƙon da ya zo da sassafe ya tsaya yana leƙe da wani abu a idonsa dole ya jawo tambaya, musamman a gari irin namu da ya ga tashin hankali a baya. A yi sallama, a ce, "Sannu da aiki, Baba, an tashi lafiya? Tsuntsayen bakin ruwan nan na zo kallo, ko zan iya bi ta gefen lambun?" A nuna masa hotonsu a littafi, a miƙa masa madubin shi ma ya duba. Mai lambu yana wurin daga fitowar rana har faɗuwarta, saboda haka ya fi kowa sanin kusurwar da agwagin ruwa suke kwana da ranakun da maharba suke zuwa. Idan ƙauye ne, a fara da gidan mai unguwa. Idan madatsar gwamnati ce, a nemi izinin masu gadinta, kuma kada a ɗauki hoton ginin madatsar ko na jami'an tsaro. A riƙe katin shaida, a je mutum biyu, a bar labarin inda aka nufa a gida.

Mataki na uku: kayan aiki da saita madubi

Babban kayan aiki shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu. Wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya wadatar: lamba ta farko tana nufin yana kusanto da abu ninki takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, wanda shi ne yake tara haske a duhun asuba. Kada a ruɗu da masu manyan lambobi da ake sayarwa da araha a kasuwa, domin duk madubin da ya wuce ninki goma rawar hannu yake ƙarawa, tsuntsun ya yi ta tsalle a ido. Madubi mai ido ɗaya da ake ɗorawa a kan ƙafafu uku, wanda yake kai ninki 20 zuwa 60, yana da amfani ƙwarai a babban dausayi da bakin teku, amma yana da tsada, kuma mai farawa zai iya jira.

Ga yadda ake saita shi tun a gida. A lanƙwasa tsakiyarsa har da'ira biyun da ake gani su zama ɗaya. A rufe gilashin dama da tafin hannu, a dubi wani rubutu mai nisa, a murza ƙugiyar tsakiya har ya fito tas a idon hagu. Sai a rufe na hagu, a murza zoben da ke jikin idon dama shi kaɗai har nan ma ya fito tas. Daga nan ba a sake taɓa wannan zobe, ƙugiyar tsakiya kawai ake murzawa. Idan an hango tsuntsu, kada a sunkuyar da kai ana neman madubi. A kafe ido a kansa, a ɗago madubin zuwa ido. Ƙurar hunturu tana karce gilashi, saboda haka a hure ta tukuna kafin a goge da tattausan ƙyalle, kada a yi da bakin riga.

Sai littafin gane tsuntsaye. Wanda Nik Borrow da Ron Demey suka rubuta a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne masu wannan harka suka fi riƙewa a ƙasar nan, kuma manhajar Merlin a waya tana taimakawa wajen hoto da kuka. A haɗa da ƙaramin littafin rubutu da fensir. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka, domin farar riga da iska ke kaɗawa daga nesa tsuntsu yake hango ta. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin asubarta a Disamba da Janairu yakan sauko kusa da digiri 10, ga mai kallo zai daɗe a zaune wuri ɗaya a bakin ruwa, don haka rigar sanyi da hula da safa ba abin rainawa ba ne.

Mataki na huɗu: lokacin zuwa da wurin tsayuwa

A isa bayan sallar asuba, gari na fara wayewa. A wannan lokaci tsuntsayen suna cikin kiwo, mutane da shanu ba su fara zirga-zirga ba, kuma iska ba ta fara rawar zafi a kan ruwa ba, wadda daga hantsi take sa komai ya riƙa narkewa a cikin madubi. A bi ta gabashin tafkin da safe, ta yammacinsa da la'asar, domin rana ta kasance a bayan mai kallo. Wanda ya fuskanci rana ba abin da zai gani sai baƙaƙen inuwoyi a kan ruwa mai ƙyalli.

Kada a miƙe tsaye a kan tudun gaɓa inda sararin sama zai fito da siffar mutum. A sauko ƙasa, a jingina da dutse ko kurmi, a zauna. Akwai tsuntsu mai gadi a kusan kowane tafki, wato zakaran ƙeƙuwa, wanda da ya ga mutum zai ɗauki kuka mai kaifi ya sanar da kowa. Idan ya fara, a tsaya cik har ya yi shiru. Alamar an matsa da yawa ita ce tsuntsayen su daina kiwo, su miƙe wuya, su fara takawa suna nisanta. Da an ga haka sai a ja da baya. Wannan magana tana da nauyi a wurina. Tsuntsun da nauyinsa bai fi giram 30 ba yana tara kitsen da zai tsallake Sahara da shi a watan Afrilu, kuma duk tashin da aka tilasta masa a banza daga wannan guzuri ake cirewa. Ba a jifa don a ga sun tashi, ba a kuma sa yara su kore su domin hoto.

Mataki na biyar: gane tsuntsun

Nan ne mafi yawan masu farawa suke karaya, domin a hunturu kusan dukkan tsuntsayen taɓo sun zubar da adon lokacin aure sun koma toka-toka a baya, fari a ciki, ga hazo yana ƙara kashe launi. Saboda haka launi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. A fara da girma, ana gwada shi da wani tsuntsun da ke kusa. Sai baki: ya fi kan tsawo ko bai kai ba, miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa ƙasa ko sama? Sai ƙafa da launinta, tare da tuna cewa taɓo yakan shafe ta. Sai yadda yake kiwo, sai abin da ya bayyana a fiffike da gindin wutsiya idan ya tashi, sai kukansa. A rubuta duk wannan kafin a buɗe littafi, domin wanda ya fara buɗe littafi zai ga abin da hoton ya nuna masa, ba abin da ke gabansa ba.

Shawarata ita ce a ƙware a kan guda uku tukuna. Zan ba kowanne suna bisa kamanninsa, in haɗa da sunan kimiyya wanda da shi za a same shi a kowane littafi ko manhaja.

Na farko shi ne mai kaɗa wutsiya, Actitis hypoleucos, tsawonsa kimanin santimita 20. Shi kaɗai yake yawo, yana bin layin da ruwa ya haɗu da ƙasa, har kusa da tiyon mai lambu, yana ɗan durƙushe a kan gajerun ƙafafu, kuma rabin jikinsa na baya ba ya daina sama da ƙasa ko yana tsaye. Farin cikinsa ya hau sama ya yi ɗan tsini a gaban kafaɗa, tsakanin ƙirji da fiffike, wannan tsini shi ne shaidarsa. Idan ya tashi ba ya yin sama, sai ya bi daf da fuskar ruwa, fikafikai a sandare sun ɗan lanƙwasa ƙasa, yana karkaɗa su ya saki, ya karkaɗa ya saki, yana siririn kuka mai gaɓa uku.

Na biyu shi ne mai ɗigon baya, Tringa glareola. Girmansu kusan ɗaya da na farko, amma ya fi shi tsayin ƙafa da wuya, ƙafarsa tana da ruwan ɗorawa, bayansa cike da fararen ɗigo, ga farar gira da ta wuce bayan ido. Ya fi son inda ciyawa ta ɗan tsiro a cikin ruwa, kuma idan ya tashi yana yin sama ne kai tsaye, gindin wutsiyarsa fari. Yana da ɗan uwa, Tringa ochropus, wanda ake yawan rikita su. Shi wannan ya fi duhu, kuma da ya tashi za a ga baƙi da fari ƙarara, har ƙarƙashin fiffikensa baƙi ne, alhali na mai ɗigon baya fari-fari ne.

Na uku shi ne mai koriyar ƙafa, Tringa nebularia, wanda ya wuce santimita 30. Bakinsa dogo ne mai kauri, ya ɗan karkata sama, yana shiga ruwa har ciki, wani lokaci ya ruga a guje yana bin ƙananan kifaye. Idan ya tashi fari yana hawa daga wutsiya har tsakiyar baya, yana kuka mai ƙarfi sau uku a jere da ake ji daga ƙetaren tafki.

Wanda ya riƙe waɗannan uku ya sami ma'auni, duk wani baƙo da su zai gwada shi. Ɗan ƙaramin da bai wuce santimita 14 ba, mai baƙar ƙafa da gajeren baki, yana tsattsagar taɓo da sauri ba ɗaga kai, shi ne Calidris minuta. Mai ƙaramin kai da tulun ciki da ke zuwa garke-garke shi ne Calidris pugnax, wanda namijinsa ya fi macen girma sosai har a ɗauka iri biyu ne. Wanda kuma yake gudu ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauka, ya sake gudu, daga dangin masu zobe a wuya yake, su da ido suke farauta, ba da lalube ba. Idan an ga wanda aka kasa ganewa, a rubuta kamanninsa a bar shi ba suna. Hakan ya fi a laƙaba masa sunan da ba nasa ba.

Mataki na shida: dinya da agwagin ruwa

Su waɗannan sun fi sauƙin ganewa, wuyarsu ita ce tsoro, domin an daɗe ana harbinsu. Dinya ita ce mafi girman tsuntsayen wannan dangi a Afirka: baƙa mai sheƙi, fari a ciki da fuska, jan baki, ga ƙaya a gwiwar fiffike. Da rana tana hutawa a tsakiyar ruwa ko a tsibirin yashi inda ba mai isa gare ta, da almuru ta tashi zuwa fadama da gonakin shinkafa kiwo, ta dawo da asuba. Saboda haka mai son ganinta da kyau ba bin ta yake yi ba, sai ya tambayi masu lambu ko masunta ta ina take fita, ya zauna a kan wannan hanya rabin sa'a kafin magariba ko kafin fitowar rana. Kirinjijiya, mai farar fuska da dogon wuya, da fito take sanar da zuwanta tun ba a gan ta ba. Akwai agwagwa mai dabbare-dabbaren kai wadda namijinta yake da baƙin ƙulu a bisa baki, akwai kuma 'yar mitsitsiyar dinya mai jan haƙarƙari da take ɓuya a cikin baɗo, ba a ganinta sai an bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da madubi. A cikinsu ake samun baƙuwa daga Turai da Rasha, Spatula querquedula, wadda namijinta yake fito da farin layi a bisa ido wajen Fabrairu.

Mataki na bakwai: ƙidaya da rubutu

A rubuta kwanan wata, sunan wuri, sa'ar farawa da ta gamawa, yanayin hazo da iska, da inda ruwa ya tsaya idan an gwada shi da wani dutse ko kututture da ba ya motsi. Idan tsuntsayen ba su kai ɗari ba, a ƙirga su ɗaya-ɗaya. Idan sun fi haka, a ƙirga goma a gefe guda, a lura da faɗin wurin da suka ci, sai a bi garken da wannan awo goma-goma. A babban garke a yi da hamsin ko ɗari. A yi sau biyu, abokin tafiya ma ya yi nasa ba tare da an faɗa masa ba, sa'annan a gwada.

Wannan rubutu yana da inda zai je. A Laminga, wajen garin Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, a cikin kurmin Amurum, tana aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000. Ita ce take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, inda masu sa kai suke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ana kuma iya shigarwa a manhajar eBird. A kowane Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, kuma ƙungiyar Wetlands International take haɗa sakamakonta. Fita tare da waɗanda suka riga mutum sani sau ɗaya tana gyara kurakuran da zai daɗe yana yi shi kaɗai.

Mataki na takwas: manyan dausayoyi

Idan ido ya saba, sai a faɗaɗa. A kudancin Filato akwai tafkin Pandam, wanda aka sa shi tare da na Wase a jerin dausayoyin Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayoyi, a 2008. Akwai dorina a cikinsa, don haka ba a zuwa bakinsa sai da ma'aikacin gandun dajin da tafkin yake ciki. Amma babban wurin shi ne dausayin Haɗeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja ya haɗu da na Jama'are, wanda daga tsaunukan kusa da Jos ya taso. A can dubun-dubatar agwagi da tsuntsayen taɓo suke cin rani, masu ƙaramin kan nan, Calidris pugnax, suna tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Tafkin Nguru ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a jerin Ramsar, a 2000. Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da take ciyar da wurin, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, saboda haka inda tsuntsaye suka taru bara ba lallai nan za su taru bana ba. A nemi jagora ɗan gari da kwalekwale, a karɓi izinin ma'aikatan gandun kafin shiga keɓaɓɓun wuraren tsuntsaye na Dagona ko Baturiya, a kuma binciki halin tsaron hanya kafin a tashi.

Mataki na tara: bakin teku da mashigar koguna

A nan komai ya canja, domin agogon teku ne yake aiki. Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin kimanin sa'a 24 da minti 50, shi ya sa lokacin cikar yake jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Wanda yake bin lissafin wata ya riga ya sami rabin sanin: cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, a tsakaninsu kuma motsin ƙanƙane ne. A Legas bambancin cika da janyewa kaɗan ne, yana ƙaruwa idan an nufi gabas wajen mashigar kogin Kuros Riba a Kalaba.

Kafin a fita a duba jadawalin cikar teku na wannan gari a intanet. Idan ruwa ya janye ƙarshe, tsuntsayen suna can nesa warwatse a filin laka, ba a ganin komai sai ɗigo. A isa sa'a biyu ko uku kafin cika, a zauna a busasshen wuri, a bar ruwan ya koro su. Sannu a hankali filin yana raguwa, suna matsowa suna cunkushewa, har ruwa ya rufe lakar su tashi zuwa wurin hutu a tudun yashi ko rassan itatuwan gaɓa. A wurin hutun nan aka fi samun ƙidaya mai kyau, kuma a nan ne tayar da su ya fi cutarwa, domin ba su da wani wurin zuwa sai ruwa ya janye. A nan za a ga mai lanƙwasasshen baki da ratsi a ka, Numenius phaeopus, yana zaro ƙaguwa daga rami, da fararen ƙanana, Calidris alba, suna bin igiyar ruwa a guje idan ta koma, su juyo a guje idan ta dawo, da Pluvialis squatarola mai baƙar hamata idan ya ɗaga fiffike. Gaɓarmu reshe ce ta babbar hanyar ƙaura da ta bi gabashin tekun Atilantika, wadda manyan zangonta su ne tekun Wadden a Holan da Jamus da Denmak, da Banc d'Arguin a Muritaniya inda wajen miliyan biyu suke sauka, da tsibiran Bijagos a Gini Bisau.

Mutumin tudu ya kiyaye da abu ɗaya: ruwan cika ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba, yana fara cika ƙoramun da ke bayan mutum ya yanke masa hanyar komawa, kuma lakar mashigar kogi tana riƙe ƙafa har gwiwa. Kada a taka filin laka ba tare da ɗan gari ba, kada a shiga kwalekwale ba rigar ceto.

Dinyoyin arewacin duniya ba sa tsallako Sahara, saboda haka wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila ko Holan ne zai gan su. Mai baƙin wuya, Branta bernicla, daga Saiberiya take zuwa ta ci ciyawar teku a mashigar koguna, mai ƙafa ruwan hoda kuma daga Aisland da Girinland take sauka a Sikotland da gabashin Ingila. Ƙa'idar ɗaya ce da ta dinyarmu, sai dai su da dare suke kwana a bakin ruwa, da asuba su tashi dubbai zuwa gonaki. A Disamba rana tana faɗuwa a can wajen ƙarfe huɗu, don haka a haɗa lissafin haske da na cikar teku.

Mataki na goma: lafiya, da tsuntsu mai zobe

Kada a shiga ruwan tafki ba takalmin roba, saboda tsargiya. Kada kuma a taɓa mataccen tsuntsu ko mara lafiya. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a 2006, kuma tsuntsayen ruwa suna cikin masu ɗaukarta. Idan an ga matattu da yawa wuri ɗaya, a ɗauki hoto daga nesa, a sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Mai kiwon kaji ya wanke takalminsa kafin ya shiga wurin kajinsa.

Wani lokaci za a ga tsuntsu da zobba masu launi ko 'yar tuta mai haruffa a ƙafa, waɗanda masu bincike suka sa masa. A natsu a karanta su bi da bi: ƙafar hagu ta tsuntsun tukuna, abin da ke sama da gwiwa sannan na ƙasa, daga sama zuwa ƙasa, sai ƙafar dama haka nan. A zana shi a littafi nan take tare da launin tutar da haruffanta, a ɗauki hoto ta cikin madubi idan zai yiwu, a rubuta wuri da rana da sa'a. A kai wannan bayani APLORI, su za su san masu aikin da za a tura wa, kuma sau da yawa masu aikin sukan aiko da amsa mai nuna ƙasar da aka sa zoben, da shekarar, da sauran wuraren da aka taɓa ganin tsuntsun.